Dutsen da Baban Famfo Ya Wanke

Shekara talatin da biyu Baban Famfo ya yi a matatar ruwa, kuma in za a taƙaita aikinsa, to kashe duk wani abu mai rai ne a cikin ruwa kafin ruwan ya isa bakin jama'a. Ya iya aikin, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Ranar da ya yi ritaya aka ba shi agogon bango da takardar yabo, ya dawo gida ya rataye su, sannan ya zauna ya fara gano cewa gidan ya daɗe da koyon tafiya ba tare da shi ba. Uwargida tana da lambar mai gyaran wuta, tana da ta mai gyaran firiji. Har famfon kicin in ya fara ɗiga wani mutum take kira a waya, alhali ga mai sunan zaune a falo yana ta canja tasha.

Amma duk wannan bai ci masa rai kamar na 'yarsa Auta ba. Tun tana ƙarama ita ce mai binsa da tambaya, ta ce yaya ruwa ke hawa bene, ta ce ina yake tsayawa in an rufe famfo. Yanzu ta zama likitar haƙoran yara, tambayoyin nan duka sun ƙare sun bar guda ɗaya tak, wadda take yi masa kullum a waya: ya sha maganin hawan jininsa? Shi kuwa ba abin da yake so a duniya kamar yarinyar nan ta buƙace shi ko sau ɗaya, buƙata ta gaske, ba irin wadda ake ƙirƙiro wa tsoho don kada zama ya gundure shi ba.

Sai ga shi wata safiya ta kira da wata magana daban. Nan da mako biyar za ta buɗe asibitinta na kanta, kuma a ɗakin jira za ta sa ƙaton tankin gilashi na ruwan gishiri da kifaye masu launi, don yara su shagala da kallo su manta da ƙarar injin haƙori.

"Sai dai akwai aikin dutse, Baba, kuma ba zai yiwu a asibiti ba. Ko za ka ara mini garejinka da hannunka?"

"Dutse kuma? Gini za a yi wa kifin?"

"Dutse mai rai ne, daga teku ake kawo shi. Mai Kifi zai zo ya yi maka bayani."

Ya amsa da "to, zan duba in ina da lokaci," kamar wanda ke da wani abin yi. Yana ajiye waya ya fita ya share garejin har sau biyu.

Mai Kifi, wato mutumin da ke sayar da kifayen ado da kayansu, siriri ne mai sanyin magana. Ya sauke akwatuna uku, ya yanke tef ɗin na farko, nan take uwargida da ta leƙo ganin baƙo ta koma ciki ba sallama. Duwatsun suna naɗe a jiƙaƙƙun jaridu. Duk jikinsu ramuka ne, launinsu ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigon shunayya, ga wani baƙin abu mai yauƙi ya manne nan da can. Ba su da nauyi kamar yadda ido ya zata, amma warinsu ya biya bashin nauyin.

Mai Kifi ya yi bayani dalla-dalla. A cikin ramukan nan akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke cinye ƙazantar kifi su bar ruwa lafiya, shi ya sa ake ce wa dutsen mai rai. Amma a hanya abubuwa da yawa da ke zaune a bayansa sun mutu, soson teku da tsutsotsi da ciyayi, kuma dole su gama ruɓewa a wani wuri kafin a haɗa dutsen da kifi. Za a jera shi a manyan robobi cikin ruwan gishiri, a sa hita, a sa ɗan injin da ke motsa ruwa, a rufe kada haske ya shiga. Duk bayan kwana uku a goge abin da ya mutu da burushi mai laushi, a canja rabin ruwan. Kullum a gwada amoniya, gubar da ruɓewar ke saki a ruwa: kwalbar gwaji za ta yi kore tukuna, ranar da ta koma rawaya ta zauna a haka, aiki ya kusa ƙarewa. Mako uku ne zuwa huɗu. Daga nan ya miƙa masa takarda, a ƙasanta an ja layi biyu ƙarƙashin wata jimla: kada ruwan famfo ya taɓa dutsen.

Baban Famfo ya karanta, ya cire tabarau, ya sake mayarwa.

"Ruwan famfon me ya yi maka?"

"Akwai kulorin a ciki, Baba."

"Na sani. Ai ni na zuba."

Mai Kifi ya yi dariya don ya ɗauka wasa ne, ya sauke jarkokin tataccen ruwa da buhun gishirin teku, ya tafi.

Makon farko kam Baban Famfo ya ji daɗin rayuwarsa. Ya zaro tsohuwar rigar aikinsa daga ƙasan akwati, maɓallin tsakiya ya ƙi rufuwa, ya bar shi a buɗe. Ya kafa allo a bangon gareji yana rubuta zafin ruwa da yawan gishiri safe da yamma. Auta ta aiko masa da burushin haƙorin yara guda shida, masu hoton zomo a jiki, da su yake zama a kan kujerar roba yana bin ramukan ɗaya bayan ɗaya. Ya ciro mushen 'yar ƙaramar kaguwa wanda bai kai farce ba, ya ga wata tsutsa mai gashi ta ruga cikin rami da ranta. A gefen wani dutse kuma akwai wani abu kamar fure mai gashin tsuntsu, wanda ke buɗewa a hankali, in inuwar hannu ta gifta ya shige cikin bututunsa fit. Mutumin da ya yi shekara talatin da biyu yana yaƙi da irin waɗannan halittu sai ga shi yana ɗaga murfin roba da safe yana ce wa ɗaya daga cikinsu ina kwana.

Warin ne dai ya ƙi jin magana. Ya fara da na ruɓaɓɓen ƙwai, ya ƙaro na kwata, daga baya ya zama nasa na kansa wanda ba shi da misali. Ya shiga labule, ya shiga tawul, ya shiga burodi. Uwargida ta daina shanya a tsakar gida. Da yamma in ya shigo falo sai ta matsa ƙarshen kujera ta ce, "Malam, ba korarka nake yi ba, amma ka yi wa Allah ka sake wanka."

Maƙwabcinsu Tela, wanda shagonsa ke manne da bangon garejin, shi ma ya leƙo ta saman katanga da tef a wuya.

"Injiniya, sannu da aiki. An ce mai haƙuri shi ke dafa dutse ya sha romo, to don Allah in romon ya nuna ka shanye abinka kai kaɗai. Jiya wata ta zo karɓar ɗinki, ta shinshina rigar ta tambaye ni ko a bakin kogi nake aiki."

Baban Famfo ya yi yaƙe. Zolayar ba ta dame shi ba kamar abin da Tela ya ƙara yana sauka daga kan bencinsa, cewa wai duk unguwar nan gidan mai tace ruwa ne ke warin ruwa. Wannan ta shige shi, domin shi ma abin da yake faɗa wa kansa ke nan. A duk rayuwarsa ruwa mai wari yana nufin wani ya yi sakaci, kuma yawanci akwai wanda za a kira ofis a kai. Ga kwalbar gwaji kullum ƙara duhu take yi. A rana ta tara kore ce shar, a ta sha biyu ta koma kamar ganyen da ya kwana a tukunya.

A ranar sha biyun ce Auta ta zo, ranar Juma'a da la'asar. Ta tsaya a ƙofar gareji da mayafi a hanci, ta dubi robobin, ta dubi mahaifinta cikin rigar da ta yi masa kaɗan da burushin zomo a hannu. Ta daɗe tana kallonsa.

"Baba, na ɗora maka wahala. Bari in ce wa Mai Kifi ya zo ranar Litinin ya kwashe, ya ƙarasa a shagonsa."

"Wa ya ce miki na gaji?"

"Ba wanda ya ce. Ni dai na ga..."

"Ki bar ni zuwa Litinin ɗin."

Ta tafi, ya zauna a kan kujerar roba. To ashe zarginsa gaskiya ne. Dama akwai shago, akwai mai yi, an dai ba tsoho abin wasa ne ya ɗan motsa jiki, yanzu da abin ya fara ɓaci za a karɓe a mayar wa masu aikin. Ritaya ta biyu ke nan, kuma wannan karon ko agogon bango babu.

Sai ya ɗauki kwalbar gwajin ya ɗaga ta a haske. Amoniya! Shi za a koya wa amoniya? Sau nawa ta zo masa matata daga gonakin da ke bakin kogi, ya gama da ita kafin a tashi aiki? Kowa a sana'arsu ya san in ka ba ta kulorin daidai gwargwado sai ta ɓace kamar ba a yi ta ba. Mutanen kifin nan tsoron kulorin suke yi don sun san zuba shi kawai, ba su san cire shi ba. Shi kuwa ya san duka biyun. Akwai gwangwanin garin kulorin a saman kanta, wanda yake wanke tankin ruwan gida da shi, akwai kuma maganin da ke kashe kaifinsa. Ya juya takardar Mai Kifi, a bayanta ya yi lissafin awon, a daidai bayan jimlar nan mai layi biyu. Sabo turken wawa, in ji masu magana, kuma ba su ce sai wawan da bai yi makaranta ba.

Ranar Asabar da hantsi ya yi aikin, kuma a gaskiya ya yi shi da kyau. Ya sa safar hannu, ya buɗe tagogi, ya auna garin ba ƙari ba ragi. Ya ba shi lokacinsa cif, ya zuba maganin cirewa, ya ɗauraye sau uku, ya haɗa sabon ruwan gishiri, ya gwada ya tabbatar ko ɗigon kulorin bai rage ba. Da a matata ne da an kira sababbin ma'aikata su zo su ga yadda ake yi.

Ranar Lahadi garejin ya wayi gari ba wari. Ruwan ya yi garau, ana hango gindin roba. Duwatsun sun yi fari tas, ba yauƙi, ba baƙi, ba shunayya. Kwalbar gwaji ta fito rawaya kamar ƙwaiduwa. Uwargida ta shigo ta ja numfashi ta ce, "Kai, Malam, ashe dai da sauranka." Tela ya ɗago masa babban yatsa ta saman katanga. Furen nan mai gashin tsuntsu bai fito ba, bututunsa a buɗe fayau. Baban Famfo ya tsaya a kansa na ɗan lokaci, sai ya ce wa kansa wataƙila sabon ruwan ne bai saba da shi ba tukuna. Mutum in yana son ya yarda da abu ba ya rasa hujja.

Bai jira a zo kwashewa ba. Litinin da safe ya sa kayan fitarsa, ya jera duwatsun a bokitai a bayan mota, ya tuƙa a hankali har asibitin. Wurin na ƙamshin sabon fenti, an jera ƙananan kujeru ja da shuɗi a ɗakin jira, ga tankin gilashin ya cinye rabin bango, ba kome a ciki. Auta da Mai Kifi suna tsaye suna duba wayoyin fitila. Ya dire bokiti na farko a gabansu, ya zaro kwalbar gwaji daga aljihu ya ɗora a kan teburin karɓar baƙi.

"Mako huɗu aka ce. Ga shi a kwana goma sha biyar."

Mai Kifi ya durƙusa. Ya ɗauki dutse ɗaya ya juya shi, ya kai hanci ya shinshina, ya haska cikin ramukan da fitilar wayarsa. Ya ajiye, ya ɗauki wani, ya ɗauki na uku.

"Baba, me ka sa masa?"

Tambayar da Baban Famfo yake jira ke nan tun daga gida. Ya gyara tsayuwa ya yi musu lacca ta kusan minti goma, da awo, da lokaci, da yadda ake cirewa, har da labarin shekarar da kogi ya yi ambaliya shi kaɗai ya hana gari shan guba. Ya kusa ƙarewa ne ya lura ba wanda ke gyaɗa kai.

"Ya mutu, Baba," in ji Mai Kifi, murya ƙasa-ƙasa kamar mai kai saƙon rasuwa. "Duka. Har cikin ramukan."

"Amma ga kwalba. Rawaya ce."

"Rawaya ce kam. Sai dai ba rawayar muke nema ba, waɗanda za su kawo ta muke jira. Amoniyar nan abincin halittun ce. Suna ci suna yawa, ranar da suka yi yawan da za su cinye ta da kansu, ranar kwalba ke juyawa. Warin ma alamar ana kan hanya ce. Abin da ka yi kamar mai zazzaɓi ne a cire ma'aunin zafi daga bakinsa a tsoma a ruwan sanyi."

Baban Famfo ya ɗauki kwalbar ya mayar aljihu. Abin haushin shi ne ya gane bayanin tun kafin mutumin ya kai ƙarshe. Ba wani ilimi mai zurfi ba ne, da wani ne ya yi da shi zai fara yi masa dariya. An ba shi amanar abu ɗaya a duniya wanda darajarsa ita ce ransa, ya yi masa abin da ya fi iyawa.

Auta ta zauna a ɗaya daga cikin ƙananan kujerun, gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta. Ba ta yi faɗa ba, shi kuwa da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta tambayi Mai Kifi abin da ya rage. Ya ce dutsen bai zama shara ba, in aka haɗa shi da wani mai rai halittun za su bazu su sake cika shi, amma sai an yi wata biyu ko fiye. Asibiti dai za a buɗe shi da tanki ba kifi.

"Ai da kin bar shi a shago tun farko," in ji Baban Famfo, yana kallon tayil. "Na san don in sami abin yi kika kawo mini. Ga abin da tausayi ya jawo miki."

Ta ɗago da sauri.

"Tausayi? Baba, tambaye shi ga shi nan. Sau uku yana cewa in bar masa, na ƙi. Na ce masa shagonsa robobi ashirin ne da ma'aikaci ɗaya, ni kuwa ina da wanda zai duba ruwan nan safe da yamma ko ana ruwan sama. Na ce masa babana ya fi kowa sanin ruwa."

"Haka ta ce," in ji Mai Kifi, yana goge hannu a wando.

"To ranar Juma'a fa? Da kika ce a kwashe?"

"Hannunka na gani. Gishiri duk ya tsattsaga maka yatsu, har da jini a jikin burushin."

Ya dubi yatsun. Sun tsage kuwa, shi bai ma lura ba. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, irin wadda bai taɓa ji ba ko a gaban manyan ofis. Abin da ya yi shekaru yana roƙo ashe an ba shi tun ranar farko, a cikin akwatuna uku, shi ne ya zauna ya auna masa guba da cokali.

Mai Kifi ya yi gyaran murya. Ya ce akwai akwati ɗaya a motarsa, jiya ya iso, ko buɗe shi ba a yi ba. Zai haɗa da waɗannan fararen ya kai shago, in Allah ya yarda nan da wata biyu a sa kifi.

"A'a," in ji Auta. "A sa a motar Baba."

"Likita..." in ji Mai Kifi.

"Duk garin nan yanzu mutum ɗaya na tabbata ba zai taɓa sa wa dutse kulorin ba." Ta miƙe daga ƙaramar kujerar da ƙyar, ta buɗe wata durowa ta zaro kwalin safar hannu ta tura masa a ƙirji. "Amma da wannan za ka riƙa yi. Kuma ka sha maganinka?"

Ya ce ya sha. Bai sha ba.

Su biyu suka ɗauki akwatin, shi da Mai Kifi, suka sa a kujerar baya don bokitai sun cika but. Tun kafin ya fita daga layin warin ya cika motar, sabo fil, ya fi na farko ƙarfi. A wajen fitilar kan hanya mai babur ɗin da ya tsaya kusa da tagarsa ya waiwayo, ya toshe hanci, ya matsa gaba. Baban Famfo ya ji idonsa ya kawo ruwa, har ya gangaro ya shiga gemu. Ga wari a mota wanda zai iya ɗora wa laifin, ba kuma mai ganinsa balle ya ƙaryata, amma bai ɗora masa ba. Ya share fuska da bayan hannu, gishirin hawayen ya shiga tsagar yatsunsa ya yi masa zafi, fitila ta ba da hannu, ya sa giya ya nufi gida yana shirya abin da zai gaya wa uwargida.